Zare ya ƙare a tsakiyar shawul, ga haihuwa ta matso

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Zariya. Bara na koyi saƙar tsinke biyu wurin wata maƙwabciyarmu, yanzu ta tashi daga unguwar. Da ƙanwar maigidana ta haihu na saƙa wa jaririn riga da hula da safa na kai barka. Wanki biyu aka yi wa rigar, wuraren da na ƙulla zare suka kwance, ta huje a baya. A gaban dangi ta ɗaga rigar tana dariya, wai kyautar matar Yaya ko arba'in ba ta kai ba. Har yau abin yana ci mini rai. Yanzu kuma wata mata a layinmu ta ba ni kuɗin zare da rabin kuɗin aiki in saƙa mata shawul shuɗi mai haske, haihuwarta ko yau ko gobe. Na ci kashi biyu cikin uku zare ya ƙare. Na koma kasuwar Sabon Gari na sayo irinsa, kamfani ɗaya, lambar launi ɗaya, amma da na yi layi shida sai na ga sabon ya fi tsohon duhu. Da dare ba a gani sosai. In ƙarasa in ba ta in yi shiru, ko in warware duka? Maigidana ya ce in mayar mata da kuɗinta in bar saƙar, tunda ba ta jawo mini komai sai magana.

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki yi shiru, kada ki warware duka, kuma kada ki bar saƙa. Bari mu fara da shawul ɗin, shi ne ke da wa'adi.

Shirun da kike tunani ba zai fitar da ke ba. Ba da dare ake ganin shawul ba. Ranar suna da hantsi za a naɗo jariri a cikinsa, a fito da shi tsakar gida, ya bi hannu daga kaka zuwa gwaggo zuwa maƙwabta, kuma a cikin matan nan ba za a rasa wadda ta iya saƙa ba. Ita za ta nuna layin da yatsa, maijego ta ji a bakin wata abin da ya kamata ta ji a bakinki. Balle kuɗi kika karɓa, ɓoye wa mai kaya aibin kayansa kuwa algus ne, ko an gano ko ba a gano ba. Yau ɗin nan ki ɗauki aikin yadda yake a kan tsinke, ki je gidanta da rana, ki ce: "Maman wance, zaren ya ƙare, wanda na samo ya ɗan fi duhu. Ga yadda nake so in gyara, me kika gani?" Mace mai tsohon ciki ba ta da lokacin rigima a kan shuɗi da shuɗi. Abin da take so ta san kayanta za su iso kafin suna.

Abin da ya same ki ba laifin hannunki ba ne. Kamfani ba ya rina zaren shekara guda a tashi ɗaya, tukunya-tukunya yake yi, kuma ko da maganin rini ɗaya aka zuba, ɗan bambancin zafi ko na lokaci yakan sa wannan tukunya ta fi waccan duhu. Shi ya sa takardar da ke naɗe a jikin dunƙulen zare mai kyau take ɗauke da lamba biyu: lambar launi, wadda kika duba, da lambar tukunyar rini, wadda galibi ake bugawa kusa da kalmar Lot. Ta biyun ce ta kuɓuce miki. Wani zaren mai araha ma ba ya zuwa da ita sam. Ga kuma rana da ƙura: dunƙulen da ya daɗe a rataye a bakin shago yakan koɗe, wanda aka ciro daga leda a ciki yana nan da launinsa. Idan tsohuwar takardar tana wurinki, ki koma Sabon Gari da ita da guntun tsohon zaren, ki zaga shago biyu ko uku, ki fito da zaren waje ki gwada su a hasken rana. Kada ki yarda da hasken ƙwan lantarki na cikin shago. In Allah ya sa kika dace, magana ta ƙare.

In ba ki dace ba, akwai hanya biyu, kuma girman bambancin ne zai zaɓa miki.

Idan bambancin kaɗan ne, wanda sai an ƙura ido, to a narkar da shi. Ki warware layi shidan nan, ki ƙara warware kamar santimita 5 na tsohon aikin domin ki samu tsohon zare a hannu. Zai fito a nannaɗe, ki jiƙa shi ki rataye ya bushe, zai ɗan miƙe. Sai ki riƙa saƙa layi biyu da tsoho, layi biyu da sabo, ba tare da kin yanke ko ɗaya ba, kina jan wanda ba ya aiki a gefe yana hawa tare da ke. Kafin tsohon ya ƙare launukan sun shiga juna, ido ba zai samu layin da zai tsaya a kai ba.

Amma ke da kika hango shi tun a layi na shida, ina zaton bambancin ya wuce haka. A nan shawarata ki daina ƙoƙarin ɓoye shi, ki mai da shi ado. Ki warware layi shidan, ki sayi farin zare dunƙule ɗaya mai kaurin wanda kike aiki da shi, ki saƙa ratsin fari mai faɗin yatsu biyu ko uku, sannan ki shiga sabon shuɗin. Sai dai kada ki zuba ragowar kashi ɗayan gaba ɗaya a wannan ɓangaren. Ki raba shi biyu. Ki saƙa rabi a nan ki rufe, ki juya shawul ɗin ki ɗebo idanu, wato madaukan zaren da ke hawa kan tsinke, daga bakin da kika fara, ki yi ratsin fari irin na farko, ki saƙa ɗaya rabin da sabon shuɗi. Tsakiya mai haske, kai da ƙafa masu ɗan duhu, fari ya raba su. Shuɗi biyu da ba su taɓa juna ba, babu mai auna su. In lokaci ya rage, ki zagaye bakin duka da kwarashi da farin zaren, zai rufe wurin da kika ɗebo idanun ya kuma hana bakin naɗewa. Kuɗin farin dunƙulen ki ɗauka a kanki, kada ki tambaye ta.

Yanzu maganar ƙulli, wadda ita ce ta fi damuna, domin in kin ƙulla zaren shawul ɗin nan yadda kika ƙulla na rigar, abin da ya faru zai sake faruwa, wannan karon a kayan kuɗi.

Zaren da muke kira ulu a kasuwa, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, zaren roba da ake yi daga sinadaran man fetur. Santsi gare shi. Ki ƙulla shi ki datse bakin gab da ƙullin don kada a gani, to kin bar masa hanyar zamewa. Saƙa kuma ba kamar yadi ba ce, tana miƙewa tana komawa. Duk sa wa jariri da cirewa, duk cuɗawa a bahon wanki da matsewa, ƙullin yana motsi kaɗan-kaɗan har ya sulluɓe. Ido ɗaya ya kuɓuce, na ƙasa da shi su biyo. Wanda bai kwance ba kuma yakan ratso ya fito ta fuskar aiki, ko ya zauna a ciki yana danne fatar jariri. Don haka a kayan jarirai ki manta da ƙulli. Har wanda za ki tarar kamfani ya yi a tsakiyar dunƙule, ki yanke shi ki yar, ki haɗa da hannunki.

Hanya mafi sauƙi, kuma wadda za ta ishe ki a shawul da riga, ita ce sauya zare a bakin layi. Kada ki jira sai zare ya ƙare miki a tsakiya. Idan kin ga ya yi ƙasa, ki shimfiɗa aikin ki auna ragowar zaren a kan faɗinsa: layi ɗaya na saƙa mai santsi yana cin kusan ninki uku na faɗin aikin, don haka in ragowar ba ta kai ninki huɗu ba, kada ki shiga layin da ita. Ki bar jelar tsohon kamar santimita 15, ki kama sabon ki bar masa jela irin wannan, ki ci gaba da saƙa kamar ba abin da ya faru. Idon farko zai yi sako-sako, kada ya tsorata ki, ki ja jelar ya daidaita. Mutane suna jin asarar zaren da ya rage, har su tura shi tsakiyar layi. Ki ajiye guntayen, da su za ki ɗinke hannun riga da kafaɗa.

A hula da safa da ake saƙawa a zagaye babu bakin layi, dole a haɗa a tsakiya. A nan ki haɗa tsoho da sabo ki saƙa ido uku ko huɗu da su tare, sannan ki saki tsohon. In kin zagayo wurin, ki ɗauki kowane ido mai zare biyu a matsayin ido ɗaya, in ba haka ba za ki ga hular tana ƙara faɗi ba ki san dalili ba. Wurin zai ɗan yi kauri, don haka ki sa shi ya faɗa a ƙeya ko a gefen ƙafa. Ban da tafin safa.

Wadda na fi so ga zaren akirilik ita ce wadda masu koyarwa a YouTube suke kira haɗin Rasha. Ki duba zarenki da kyau, za ki ga sili uku ko huɗu ne aka murɗe. Ki zura bakin tsohon zaren a allura mai babbar kafa, ki lanƙwaso shi baya, ki soka allurar cikin jikin zaren kansa, tsakanin silin, ki bi ciki kamar santimita 5 ki fito. Kada ki ja duka, ki bar ɗan zobe a ƙarshe. Sai ki zura bakin sabon zaren ta cikin zoben nan, shi ma ki lanƙwaso shi ki soka shi cikin jikinsa haka nan. Zobe biyu sun sarƙe ke nan. Ki ja jelolin a hankali har zobban su tsuke, ki shafa wurin tsakanin yatsunki ya kwanta, ki datse abin da ya leƙo. Ki ja da ƙarfi ki gani, zaren zai fi saurin tsinkewa a wani wuri a kan ya rabu a nan. Karon farko zai ci miki minti biyar ko fiye, yatsu suna ta rikicewa. Ki gwada a guntaye kafin ki kai shi kan kayan mutane.

Akwai wata da za ki gani ana jiƙa bakin zare biyu, a ɗora su a tafin hannu a murza da ƙarfi har su manne. Gaskiya ce tana yi, amma a ulun tunkiya na asali kaɗai, saboda gashin yana da 'yan ɓawo-ɓawo a jikinsa da ke sarƙewa in sun samu laima da ɗumi da gugar juna. Akirilik da auduga ba su da wannan, ko ulun da aka sarrafa don ya jure wankin inji ba ya mannewa. Kada ki ɓata tafin hannunki.

Duk hanyar da kika bi, aikin bai ƙare ba sai kin ɓoye jela, kuma a nan ne ake gane wadda ta iya. Ke 'yar Zariya ce, kin san mai sayen babbar riga da ya san kaya, in aka miƙo masa aska takwas ɗinkin hannu na cikin birni, ba ya tsayawa a fuska, sai ya juya ya ga bayan aikin. Haka za a yi wa naki. Ki zura jelar a allura, ta bayan saƙar ki bi sawun zaren yadda ya lanƙwasa sama da ƙasa kamar santimita 4 zuwa 5, kina ratsa tsakiyar silin nan da can domin ya samu abin kamawa, sannan ki juyo ki dawo ido biyu ko uku. Jeloli biyu kada su bi hanya ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu. Ki miƙar da wurin da hannu ki sake, ki wanke, ya bushe, sannan ki datse, ki bar ɗan ƙiris. A cikin safa da safar hannu kuwa ki juya ki bincika sosai, kada ki bar zare mai tsawo yana lilo. Yana iya naɗe yatsan jariri ya shaƙe jini, yaro ya yi ta kuka ba a san me ke damunsa ba.

Sai zaɓen zare, tunda daga kasuwa matsalarki ta taso. Tumakinmu na nan, 'Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su irin wanda ba a kaɗawa, ba ulu ba. Ulu na asali daga waje yake zuwa, mafi laushinsa na tunkiyar marino ne wadda aka fi kiwo a Ostireliya, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. To in mai shago ya rantse miki cewa dunƙulen nan mai araha ulu ne zalla, ki saya ɗaya ki gwada a gida. Ki yanki ɗan guntu, ki riƙe da almakashi a kan faranti, ki kusanta shi da ashana. Ulu zai yi ƙaurin gashi, irin na babbakar kan rago, wutar ta mutu da kanta, ya bar baƙin toka da ke murƙushewa a yatsa. Auduga za ta ci da sauri da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Akirilik zai tsuke ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar ɗan dunƙule mai tauri da ba ya murƙushewa.

Ba ina cewa akirilik ba shi da kyau ba. Ga kayan jarirai a gidajenmu ma ya fi ulu sauƙin sha'ani, domin kayan jariri kullum a wanki suke, sau da yawa da ruwan zafi da cuɗa, ulu kuwa in ya sha wannan sai ya tsuke ya cure, rigar ɗan wata shida ta koma ta 'yar tsana. Amma abu biyu ki riƙa faɗa wa duk wadda kika saƙa wa. Na farko wuta. Da sanyin Disamba da Janairu, ɗakin maijego ba ya rabo da kaskon garwashi, akirilik kuma narkewa yake ya manne a fata, don haka a nisanta shawul da jariri daga kasko, kada kuma a shanya shi a kan wuta ko a sa masa dutsen guga. Shi kansa garwashin a ɗaki rufe haɗari ne, a bar iska tana shiga. Na biyu zafi. Hunturun Zariya da asuba ne yake cizo, da azahar rana ta buɗe, zaren roba kuma ba ya shan gumi. A sa wa yaro 'yar rigar auduga a ciki, in hantsi ya ɗaga a taɓa bayan wuyansa, in da gumi a rage masa kaya. Jaririn da za a haifa a watan Maris ko Afrilu kuwa, ki ba uwar shawarar zaren auduga tun farko.

Kafin ki biya, ki goga dunƙulen a wuyanki ko cikin hannunki. Abin da ya sosa ki zai sosa jariri ninki biyu. Ki duba tsawon da aka rubuta a takarda, mita nawa, domin dunƙule biyu masu giram 50 suna iya bambanta a tsawo in kaurinsu ba ɗaya ba ne. Takardar takan faɗi girman tsinken da ya dace: zare matsakaici da aka fi yi wa yara kaya da shi yana tafiya da tsinke mai milimita 4, yana ba da ido kusan 22 a santimita 10. Sanin yawan da za ki saya kuma lissafi ne mai sauƙi. Ki lura da tsawon da dunƙulen farko ya kai ki. In ya ba ki santimita 12 kuma shawul ɗin 96 ne, takwas kike buƙata, ki ƙara ɗaya na baki da ko-ta-kwana. Ki rubuta wannan a littafi, ki liƙa takardar da guntun zaren a gefe, aiki na gaba ba sai kin yi canke ba. Ki sayi duka rana ɗaya, daga leda ɗaya. In mai aiki ta ce za ta riƙa ba da kuɗin zare kaɗan-kaɗan, ki ce mata sai ya cika za ki fara.

Game da ƙanwar mijinki, abin da ta yi ba daidai ba ne. Ko da wasan dangin miji take nufi, kyautar da aka zauna aka yi da hannu ba abar ɗagawa a taro ba ce. Amma rigar ta huje da gaske, kuma wannan ɓangaren ne kaɗai ke hannunki. Kada ki kai ƙara wurin Hajiya, kada ki sa Yayanta a tsakiya. Bayan kin miƙa shawul, ki je ki gaishe ta, ki ce ta ba ki rigar ki gyara. Ki ɗebo idanun da suka zube da kwarashi ɗaya bayan ɗaya, ki rufe hujin da zare a allura kina bin sawun saƙar, ki bi sauran ƙullayen ki kwance su, ki ƙarfafa wurin da sabon zare ki ɓoye jela. In yaron ya girme ta, ƙaninsa zai sa. In ta ce ta yar, ki ce ba komai, ki sauya hira.

Maigida kuwa ba saƙar yake ƙi ba, ɓacin ranki da surutun dangi yake gudu. Kada ki yi musu da shi, kada kuma ki ci gaba a ɓoye. Ki ce masa mayar da kuɗi ana gobe haihuwa zai fi jawo magana, tunda matar ba ta da lokacin neman wata, ki roƙe shi ya bar ki ki sauke wannan alkawarin, in ya ga aikin sai ku sake zama. Ki kuma tambaya a unguwa ko makarantar Islamiyyarku ko akwai wata dattijuwa mai saƙa da za ki riƙa kai wa aiki ta duba kafin ki rufe, tunda malamarki ta tashi ba ta kai ga koya miki haɗin zare ba.

Allah ya sauki maƙwabciyar taku lafiya, ya sa wa sana'ar albarka.